A Fitar Wa Turmi Rabonsa Kafin A Ɗinke Buhun Riɗi

Malam manomi, ina da tambaya guda, kuma ina so ka amsa wa kanka tsakani da Allah: cikin riɗin da ka kakkaɓe bara, mudu nawa ne ya shiga tukunyar gidanka? Na sha yin wannan tambaya a tarurrukan manoma a jihohin Nasarawa da Neja da Jigawa, kuma amsar ba ta cika sauyawa ba. Sai a kwashe da dariya, wani dattijo ya ce, "Hajiya, riɗi ai kuɗi ne, wa zai zauna ya ci kuɗi?" In an matsa, sai a ce yara sun ɗan samu kantu. A ƙasar Tibi da wasu sassan Nasarawa da Filato ne galibi nake tarar da miyar riɗi tana nan da ranta. A sauran wurare kuwa, daga gona sai buhu, daga buhu sai mota.

Bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2020 Nijeriya ta noma kimanin tan 490,000 na riɗi, wanda ya sa ta cikin ƙasashe biyar da ke kan gaba a duniya, tare da Sudan da Myanmar da Tanzaniya da Indiya. Mafi yawan wannan riɗi ba ya kwana a ƙasar nan. Dillalai na tara shi a kasuwanni irin su Doma da Maigatari da Dawanau, a tsabtace shi, a kai tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan sai Sin da Japan da Turkiyya da sauransu. To, me suke yi da shi a can? Ci suke yi. A Koriya, man riɗi da ɗan gishiri shi ne abin dangwala gasasshen nama. A Japan ana niƙa soyayyen riɗi a yi miya mai kauri ta cin nama da ganyaye. A Turkiyya da ƙasashen Larabawa ana markaɗa shi ya zama abin da suke kira tahina, a dama da lemun tsami da tafarnuwa a zuba a kan nama ko gasasshen yalo. Duk wanda Allah ya nufa ya sauke farali, da wuya a ce bai ci karo da wannan farar miya a Makka ko Madina ba, watakila ma bai san cewa abin da yake shukawa a bayan gidansa ne aka markaɗa ba.

Ra'ayina shi ne wannan: koyar da noman riɗi ba tare da koyar da cinsa ba rabin aiki ne, kuma mu masu bincike da ku malaman gona mun daɗe muna yin wannan rabin aikin. Mun yi bayani a kan iri, a kan NCRIBEN-01M da E8 da Ex-Sudan, a kan tazara da taki da lokacin yanka, amma ba mu taɓa ɗaukar turmi zuwa ranar baje kolin gona ba.

Na san abin da za ka ce, domin an sha gaya mini. Mudun riɗi ya fi mudun gyaɗa tsada, don haka dabara ita ce a sayar da mai tsada a sayi mai araha. A takarda lissafin daidai ne. Amma ka duba yadda abin ke gudana a gida. Kuɗin riɗi da kaka suke zuwa, a dunƙule, kuma a hannun maigida suke sauka: a biya bashin taki, a yi rufin kwano, a sayi babur, a aurar da yarinya. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai kafin damina ta tsaya kuɗin sun ƙare, lokacin kuma mai da gyaɗa sun yi tsada, uwargida na sayen mai cokali-cokali, wani zubin ma bashi. Na taɓa sauka a wani ƙauye a yankin Doma cikin watan Yuli, a gidan mutumin da ya sayar da buhunan riɗi masu yawa a kakar da ta gabata, na tarar ana ba yara kwaɗon rama wanda babu komai a cikinsa sai gishiri da barkono. Ba rowa ba ce, ba kuma rashin kula ba. Ba a dai taɓa ɗaukar riɗi a matsayin abinci a gidan ba, shi ya sa ba a rage ko gwangwani ɗaya ba. Mudu biyar da aka ware tun ranar kakkaɓa ba za su rage wa maigida wani abin kirki a cinikinsa ba, amma za su kai iyali wani wuri a watannin da abinci ke ƙaranci.

Abin da ke cikin wannan 'yar ƙwaya ya cancanci a yi masa wannan tanadi. Kusan rabin nauyin riɗi mai ne, kimanin kashi 50 cikin 100, sannan kimanin kashi 20 cikin 100 furotin ne mai gina jiki. Furotin ɗin nan yana da wadatar wani sinadari da ake kira metiyonin, wanda wake da waken soya ke da ƙarancinsa, su kuma suna da laisin wanda riɗi ke da ƙarancinsa. Ma'ana, idan aka ci dafaffen wake ko alale ko awara da miyar riɗi, kowanne ya toshe gurbin ɗan'uwansa. Riɗin da ba a cire wa ɓawo ba yana ɗauke da kalsiyam kusan miligram 1,000 a kowane gram 100, ko da yake jiki ba ya samun dukansa domin wani kaso na ɗaure a cikin ɓawon. Akwai kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wani abu da ya kamata malaman gona su riƙe shi ne cewa sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke cikin zogale da alayyafo da kabewa da karas, ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Ganye ba mai, rabin amfaninsa wucewa yake yi.

Amma akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi damuna a matsayina na mai binciken amfanin gona. Abin da mutum ba ya ci, ba ya ganin dauɗarsa. Manomin da ya san cewa riɗin nan wani baƙo ne a wata uwa duniya zai ci, ba ya jin komai in ya tsayar da dami a fili kaji da awaki na shiga, ya kakkaɓe a kan tsurar ƙasa, ya share da tsintsiya har da yashi da kashin tsuntsu, ya ɗura a buhun da aka taɓa zuba taki. Wasu ma da gangan suke barin yashin don nauyi. Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. Tarayyar Turai ta sanya riɗin Nijeriya cikin jerin kayan da ake tsananta wa bincike a kan iyaka saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke fitowa daga kashin dabbobi da tsuntsaye da na mutane, tana haddasa gudawa da zazzaɓi. Kada mu manta abin da ya sami wakenmu a shekarar 2015, lokacin da Tarayyar ta dakatar da shigar da shi saboda yawan maganin ƙwari na diklobos, wato abin da muke kira fiya-fiya. A shekarar 2020 ma Indiya ta ɗanɗana irin wannan, yayin da aka gano sinadarin itilin oksayid a riɗinta a Beljiyam, aka yi ta janye kayan abinci daga shaguna a faɗin Turai. Kasuwar da aka ɗauki shekaru ana ginawa, kwantena kaɗan ne ke rusa ta.

Mun yi wa'azin tamfol har murya ta dushe. Abin da na lura da shi shi ne, a gidajen da ake cin riɗi ba a buƙatar wa'azin. Matar da ta taɓa kirɓa riɗi ta ji yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorin ɗanta, ita ce za ta tsaya a kan mijinta ya shimfiɗa tamfol ko tabarma kafin ya juya dami. Mutumin da ya san daga buhun nan za a ɗebi na miya ba zai yayyafa masa fiya-fiya ba. Alhali ma riɗin da ya bushe sosai, danshinsa bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 ba, aka zuba shi a buhu mai tsabta aka ɗora a kan katako, ba ya buƙatar wani magani.

Yanzu bari mu zo kan miyar kanta, domin kada ya zama surutu kawai. Ba miyar tuwo nake nufi ba, wadda ake dafawa da nama ko kifi. Wannan ta dangwala ce, ba a ɗora ta a wuta, ana yin ta cikin 'yan mintuna in dai akwai markaɗen riɗi a ajiye.

Aikin farko shi ne tsabtace ƙwayar, kuma a nan ne mafi yawan masu cewa riɗi ba shi da daɗi suka yi kuskure. Uwargida, ki auni gwangwanin madara biyu, ki bakace ki fitar da ƙaiƙayi, sannan ki rege shi a ƙwarya kamar yadda kike rege shinkafa, har sai yashi ya kwanta a ƙasa. Ki tsame ki shanya a faifai ko tire a wurin da kaji ba sa kai wa. Farin riɗi ba ya buƙatar surfe. Mai duhu ko ja yakan yi ɗan ɗaci, don haka ana jiƙa shi, a yi masa surfe sama-sama a turmi, a wanke ɓawon ya taso. Ni dai na fi son a bar ɓawon in ɗacin bai yi yawa ba, domin idan aka cire shi, abin da ke saura na kalsiyam bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Suya ita ce ran wannan miya. A kasko ko tukunya busasshiya ake yi, ba mai, ba yashi irin na suyar gyaɗa, da wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Ƙwayar riɗi ƙarama ce ƙwarai, guda 1,000 ba su wuce gram 3 zuwa 4 ba, don haka tsakanin soyuwa da ƙonewa ƙiftawa da bismilla ne. Cikin minti biyar zuwa goma za ki ji ya fara tsalle yana fas-fas, ƙamshi ya tashi, launinsa ya koma ruwan zuma mai haske. Ki ɗauki 'yan ƙwayoyi ki murza tsakanin yatsu biyu: in sun murƙushe cikin sauƙi sun bar maiƙo, ya yi. Nan take ki juye a tire, kada ki bar shi a kaskon ko da kin sauke, domin zafin kaskon zai ci gaba da ƙona shi. Riɗin da ya ƙone ba shi da magani. Sukari ko gishiri ba sa ɓoye ɗacinsa, gara a ba kaji.

Idan ya huce sai daka. Da farko zai zama gari, sannan ya dunƙule, in aka ci gaba da kirɓawa sai mai ya fito ya zama ƙullu mai santsi. Dutsen niƙa ya fi turmi fitar da laushi. Wadda za ta kai inji kuwa, ta tabbata an wanke injin ya bushe, domin injin da ya gama markaɗen tattasai da ruwan rijiya zai mayar wa riɗin duk ƙazantar da suya ta kashe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: salmonela na iya yin watanni da rai a cikin markaɗen riɗi saboda maiƙo na kāre ta, kuma an sha samun ɓarkewar cutar ta hanyar tahina a ƙasashen waje. Turmi busasshe, hannu wankakke, kwalba busasshiya mai murfi. Gwangwani biyu na ƙwaya kan ba da ɗan fiye da gwangwani ɗaya na markaɗe. Matuƙar ruwa bai taɓa shi ba, yana yin makonni a wuri mai sanyi ba tare da ya yi warin tsohon mai ba, domin man riɗi na ɗauke da wasu sinadarai nasa, sesamin da sesamolin, masu jinkirta lalacewa. In mai ya taso sama, a juya da busasshen cokali, ba lalacewa ya yi ba.

Ranar da za a ci, ki ɗebi babban cokali huɗu na markaɗen a kwano. Ki daka ƙwayar tafarnuwa ɗaya da ɗan guntun ɗanyar citta da attarugu ɗaya da gishiri, ki zuba. Ki matse lemun tsami biyu, ko ki yi amfani da ruwan tsamiya mai kauri cokali biyu. Da nama, ni tsamiya ta fi kwanta mini. Ɗan garin daddawa, kamar abin da yatsu uku za su ɗauka, yana yin aikin da dunƙulen shago ke yi, har ma ya fi. Sannan a riƙa ɗiga tafasasshen ruwa da ya huce, cokali ɗaya bayan ɗaya, ana damawa. A nan ne masu gwajin farko ke karaya. Da zarar ruwan farko ya shiga, maimakon ƙullun ya saki sai ya cure ya yi tauri, mai ya fara tsattsafowa, sai ka ce ya lalace. Bai lalace ba. Ɗan ruwan ne ya manne ƙananan ɓarɓashin riɗin da juna. Ki ci gaba da ƙara ruwa kina damawa, wajen cokali na huɗu zuwa na shida zai saki, ya yi fari, ya yi santsi kamar kindirmo. Wannan shi ne kaurin dangwala. Na kwaɗo kuwa a ɗan ƙara ruwa.

Game da nama, kuskure ɗaya nake so a guje wa: kada a shafa miyar a ɗanyen nama a ɗora a garwashi. Riɗi ya riga ya sha wuta sau ɗaya, karo na biyu ƙonewa zai yi ya ɓata naman da ɗaci. A gasa tsire ko balangu ko kaza ko kifi da gishiri da ɗan mai, in an sauke sai a zuba miyar a kai ko a ajiye a gefe. Kada kuma cokali ko kwanon da ya taɓa ɗanyen nama ya koma cikinta. Ban ce a yar da yajin ƙuli-ƙuli ba, wa zai raba tsire da yajinsa? Sai dai mu da muke aikin gona mun san matsalar gubar funfuna, wato afalatoksin, a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, kuma mun san cewa sau da yawa gyaɗar da aka tsince aka ware ce ke ƙarewa a ƙuli-ƙuli mai araha. Riɗin da ka noma da hannunka, ka shanya a kan tamfol, ka san tarihinsa. Shi ma in ya sha danshi yana funfuna, don haka sharaɗin bushewa na nan.

Na san nama ba kullum ne ke shiga gidan manomi ba, in ban da Babbar Salla da suna da biki. Shi ya sa nake ganin babban amfanin wannan miya a wajen ganye da kayan lambu yake. Masu noman rani, ku gwada gasa yalo ko gauta a garwashi har fatar ta yi baƙi, a ɓare, a murƙushe tsokar a gauraya da miyar. Albasa da tattasai da kuɓewa da yankakkiyar kabewa duk suna gasuwa a kan waya ɗaya da ake gasa masara. Gasasshen dankali da rogo da doya, waɗanda yara ke ci gaya a gona, suna samun mahaɗi. A kwaɗon zogale ko rama ko tafasa ko kabeji kuma tana maye gurbin ƙuli da mai gaba ɗaya, domin ita ce ƙulin, ita ce man. Har yaron da ya wuce wata shida ana iya dama masa ƙaramin cokali na zallar markaɗen a kunu, ba yaji ba tsami.

A nan akwai gargaɗi biyu. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar riɗi, kamar yadda wasu ba sa karɓar gyaɗa. A Amurka ma tun daga farkon shekarar 2023 doka ta wajabta a rubuta a jikin kayan abinci idan akwai riɗi a ciki. Wanda ya ci ya ga ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ya daina, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Yaro kuma a fara masa da ɗan kaɗan. Na biyu, da zarar ruwa da tafarnuwa sun shiga, miyar ta daina zama abin ajiya. A ci ta a ranar. Mai firji da tsayayyiyar wuta na iya kai ta kwana uku.

Ku malaman gona, musamman mata da ke aiki da ƙungiyoyin matan karkara, wannan darasi ne da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ba a jiran mota daga hedkwata, ba a jiran wata ƙungiyar agaji. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makon yanka, sa'ad da ganye ya yi rawaya ya fara zuba, kwanson ƙasa ya soma sauya launi, domin a lokacin ne manomi ke yanke shawarar inda zai tsayar da daminsa da abin da zai shimfiɗa a ƙarƙashi. Ku ɗebi riɗi kashi biyu daga ƙauyen, ɗaya wanda aka kakkaɓe a ƙasa, ɗaya na kan tamfol, ku sa a rege kowanne a gaban jama'a, a juye yashin da ya kwanta a farin faranti kowa ya gani. Sannan a soya mai tsabtar, a daka, a dama, a gasa yalo da albasa, in da hali a sayi tsire. Ku gayyaci mai tsiren garin da masu sayar da kwaɗo a bakin kasuwa, domin su ne za su fara saye daga hannun matan da suka koyi markaɗen. Ku tabbata magidanta sun zauna sun ci, kada a bar wa mata da yara kaɗai, tunda mabuɗin ɗakin ajiya a aljihunsu yake. Kafin a watse, kowane manomi ya faɗi da bakinsa mudu nawa zai ware wa gida, ku rubuta a littafinku, ku koma ku tambayi uwargida a watan Yuli.